Shanun Alhaji Lawwali Ba Su da Lamba

Malam Uwais, malamin lissafi a Faskari, ya shiga karatun injiniya ta intanet bayan ya haura hamsin, shekarun da tsaransa ke neman kujera mai jingina. Aikinsa na ƙarshe wata na'ura ce da za a kafa a ƙofar garken Alhaji Lawwali na Sheme, ta karanta alamar kunnen kowace saniya, in wata ba ta dawo ba ta yi ƙara. In bai miƙa ta ran Alhamis ba, sai ya maimaita shekara.

Da yake Alhaji bai taɓa faɗa wa kowa yawan shanunsa ba, sai Malam ya samu dabara a SystemVerilog, yaren da ake tsara irin waɗannan na'urori da shi: akwai jeri mai miƙewa da zai ajiye alamun shanun a ciki, wanda ba sai an faɗi tsawonsa tun farko ba. A kwamfuta abin ya yi kyau. Da aka zo zuba shi cikin na'urar, ta ƙi.

Ya kira malamarsa, Injiniya Lauratu.

"Amma yana cikin littafin ƙa'ida, Malama. Na gani da idona."

"Yana ciki, Malam, don gwaji ne a kwamfuta. Ƙarfe ba ya tsiro da sabon ɗaki. Ka ba shi lamba."

"To me ya sa suka rubuta?"

"Lamba, Malam."

Ya hau babur ya tafi Sheme, har yanzu bai gane yadda abu zai halatta kuma ya ƙi yiwuwa ba.

"Alhaji, shanun nan nawa ne?"

"Alhamdu lillahi."

"Na sani. Amma nawa?"

"Malam, ka taɓa jin an ƙirga dabba ta yi albarka?"

"To in sa talatin da biyu?"

Alhaji ya ɓata rai. "Kaji aka ce maka ina kiwo?"

"Dubu fa?"

"Rufa mani asiri! So kake ɓarayin daji su ji?"

Haka suka yi ta yi har la'asar, Malam na hawa yana sauka, Alhaji na fushi yana tsorata. Da aka zo ɗari da ashirin da takwas, Alhaji ya dubi sama, ya tambayi lafiyar iyali.

Malam ya sa wannan lambar. Na'ura ta karɓa, ran Laraba ya miƙa aiki.

"Ka ci," in ji Lauratu. "Amma in sun haihu suka wuce haka fa?"



"Malama, a bar ni in karɓi takardar tukuna."