Ramar Abla Sausan

Tun da safe Dakta Nirmin take kai-kawo tsakanin taga da firjin da ake ajiye jini. Ta zauna, ta miƙe, ta gyara kwalaben da ba su nemi gyara ba. Duk mai harkar bincike a Iskandariyya ta ƙasar Masar ya san aikinta. Ita ta bi diddigin yadda kitsen ciki ke dagula jikin mace har ya share wa ciwon daji hanya, kuma asibitoci da dama sun sauya yadda suke duba mata saboda ita. Amma yayarta ɗaya tilo ta gagare ta.

Yayar nan, Abla Sausan, ita ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce kuma ta cika mata ɗakin gwajin da masu ba da jini. Matan unguwarsu ba masu miƙa hannu ga allura ba ne don kawai likita ta ce. Sai da Sausan ta bi su gida-gida, ta yi wa wannan gori, ta yi wa waccan alkawarin basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi. Sharaɗin ɗaya ne, a zo ba a karya ba. Da an ɗebi jini kuwa, tana nan bakin ƙofa da faranti, don a wurinta abin kunya ne mace ta bar wurin ƙanwarta da yunwa. Ita kanta kullum da tauna take isowa, ta ce ai ta riga ta ɗanɗana, sai wani karon.

Tun bayan Babbar Sallah Sausan take zubewa. Nirmin ta san ba ta rage ko cokalin sukari a shayinta ba, ta kuma san abin da ramar da ba a nema ba take nufi. Tsoro ne ya hana ta zama, ba aiki ba.

Hayaniya ta taso daga matattakala. Sausan ta shigo da farantinta, mata na biye da ita, muƙamuƙinta na motsi kamar kullum. Ummu Hamada, maƙwabciyarsu mai bakin tsiya, ta zube a kujera tana haki.

"Dakta, hannunki akwai albarka. Dubi Sausan, ta koma budurwa. Me kike ba ta ne a ɓoye? Ko maganin na 'yan gida ne, mu sai allura?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce saura kaɗan mijin Sausan ya kasa gane ta. Nirmin ta yi yaƙe, ta ji kamar ta kore su duka. Suna yi mata barka a kan abin da ke cinye 'yar'uwarta, kuma babu mai iya kiran ciwon da sunansa a cikinsu, sai dai a ce mugun nan, Allah ya raba.

Sausan ta yanko basbusa ta nufo bakin Nirmin da ita.

"Ungo, 'yar boko. Kin bushe kamar sandar mofa. Wallahi sai kin..."

"Wallahi, Abla," Nirmin ta riga ta, "ba zan ƙara cin abin hannunki ba sai na ɗebi jininki."

A gidajensu ana rantsuwa ne don a sa mutum ya ci. Babu wanda ya taɓa jin an rantse don a ƙi.

Sausan ta ce, "Ji 'yar nan. Yi kaffara kawai, ki ciyar da miskinai. Ni zan dafa musu."

"Ba zan yi ba."

"A gaban mutane za ki mayar mini da hannu? Ni da na raine ki?"

"To ki zo gobe ba ki ci komai ba."

Sausan ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ajiye farantin, ta daina taunar, ta rage murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Babu komai a bakina, Nirmin. Taunar banza nake yi miki. Rabon da abinci ya zauna mini tun Sallah."

Sai a lokacin Nirmin ta dubi rigar da ke jikinta da kyau. Ruwan toka ce mai ƙananan furanni, ta mahaifiyarsu, wadda Sausan ta rage mata da hannunta a watannin ƙarshe na jinyarta. Yanzu ta zauna wa Sausan daidai.

Sausan ta ja kujera, ta naɗe hannun rigar.

"Ɗebi a hankali. In kin gama ki ci, kar ta bushe."

Nirmin ta ɗaure mata damtse, ta ɗauki allura. Ita da ta ɗebi jinin rabin unguwa, ta kasa samun jijiyar. Sausan ta sa ɗaya hannun ta riƙe mata wuyan hannu, kamar yadda take yi lokacin da take koya mata rubutu.