Tsagar da Fenti Ya Rufe

Shekara tara Habibou ya yi yana kwana cikin ƙaramin jirgin ruwansa mai tafiya da iska, a bakin kogin Saône a Lyon, inda yake gyaran injin jirage. Da ya samu wani jirgin mafi girma kusa da Paris, sai ya sa tsohon a kasuwa. Abu ɗaya ne bai rubuta a tallar ba: akwai tsaga a gindin jirgin, ƙarƙashin gadon gaba. Ya cike ta, ya shafe da fenti. A kogi ba ta yoyo sosai. Teku kuwa, bai taɓa gwada ta ba.

Wanda ya zo saye wani mahauci ne daga unguwar Château Rouge a Paris, sunansa Adoum, mutumin Cadi. Da Faransanci suka fara, har wayar Habibou ta yi ƙara ya amsa da Hausa. Adoum ya saki baki yana dariya.

"Ashe ɗan gida ne! Daga ina?"

"Damagaram."

Nan suka sake gaisawa tun daga farko, aka tambayi iyali da gajiya. Adoum ya ce mahaifinsa masunci ne a Tafkin Cadi, kuma tun yana yaro yake son jirgi nasa na kansa. Sannan ya kira gwanin da ya shirya zai zo ya duba jirgin, ya ce masa ya bari.

"Ka bar shi ya zo mana," in ji Habibou, murya ƙasa-ƙasa.

"In kawo baƙo ya bincike ka kamar ɓarawo? Haba Yaya. Kai ka ce lafiyarsa lau."



Da aka gama ciniki, Adoum ya ji cewa sabon jirgin sai bayan wata guda zai kammalu, kuma Habibou bai da wurin zama. Ya zaro makulli ya danƙa masa. Shi zai yi hutunsa a Lyon yana koyon tuƙi, ɗakinsa na Paris babu kowa.

Haka Habibou ya wayi gari a gadon mutumin. Kullum da rana Hajiya Ramatou, yayar Adoum da ke zaune a hawan ƙasa, takan hawo bene da kwanon shinkafa da nama.

"Malam Habibou, ba ka ci," ta ce ran nan. "Ko girkin mutanen Cadi bai kai na Damagaram ba?"

"Ya fi ma, Hajiya. Cikina ne."

"Ka sha magani. Ni ma nawa cikin ba daɗi, tunda Aya, 'yar Adoum, ta ce sai ta bi ubanta teku. Shekara goma sha biyu, ko iyo ba ta iya ba. Na ce masa a'a, ya ce ai jirgin ɗan'uwa ne."

Bayan ta sauka, Habibou ya daɗe zaune, kwanon na hucewa a gabansa. Sannan ya ɗauki waya.

"Yaya!" in ji Adoum. "Jibi za mu gangara teku. 'Yarka Aya ta riga ta zaɓi gadon gaba."

"Adoum, ka saurare ni. Akwai tsaga a ƙarƙashin gadon nan. Ni na rufe ta da fenti. Kada ku shiga teku."

Habibou yana jin ruwa na bugun jikin jirgin ta cikin wayar.

"Ka san da ita ranar da na sallami mai dubawa?"

"Na sani."

"Kuma ka karɓi makullina."

"Zan bar ɗakin yau. In kana so, in karɓi jirgin."

"Ka bar ɗakin ka je ina? Na ce wata guda, wata guda ne." Muryarsa ta bushe. "Jirgin kuma nawa ne. Amma gobe da safe ka zo Lyon da kayan aikinka. A fitar da shi daga ruwa, ka kankare fentin da hannunka. Aya ta yi sati uku tana shiri. Kai za ka gaya mata dalilin da ba za ta tafi ba."

"To."

"Hajiya kuma kada ta ji daga bakina, sai daga naka."

Habibou ya ajiye wayar, ya sa takalmi, ya sauka bene. Ƙofar Hajiya Ramatou a buɗe take, tana tsintar wake. Ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa.