Buhun da Na Shigar Ɗakin Inna

Tun da Baba ya rasu, Yaya Abdulkabir ba shi da magana sai guda: a ɗauke Inna a kai ta gidansa na Ungogo. Ni kuwa na ce babu inda za ta. Shekara arba'in da ɗoriya tana cikin gidan nan na ƙauyenmu, gabas da Dawakin Tofa. Suna ko rasuwa, Inna Hure ake fara aika wa. A kai ta cikin gida mai get ta yi me? Ta wuni gaban talabijin ba mai ce mata sannu?

"Sadiya, ke ba kya ganin ta tsufa?" in ji shi.

"Ta tsufa, Yaya, amma hankalinta ya fi nawa da naka."

Muka yi ta ja har ƙanen Inna, Kawu Sabo, ya raba gardama. Ya ce a bar ta ta yi sanyin bana ita kaɗai. In an wanye lafiya, magana ta mutu, in kuwa aka ga wata matsala, ta bi ɗanta ba musu. Inna ta yarda. Ni ma na yarda har da bugun ƙirji, tunda gonaki uku ne tsakanin gidan aurena da nata.

Baba mutum ne mai tsari har ya gundure ka. Buhun gawayinsa can bayan rumbu yake ajiye shi, a kan duwatsu, nesa da kowane ɗaki. In an gama jin ɗumi da kasko, sai ya kwashe sauran garwashin ya zuba a wata tsohuwar tukunya, ya kife ta da murfi, sai ta kwana ta wuni kafin ya juye a buhu. Muna yara muna yi masa dariya a ɓoye. Inna ma ba ta taɓa sa hannu a aikin ba, nasa ne.

Da ɗari ya kankama, na je wata safiya na tarar da ita tana ɗingishi daga bayan rumbu, kwanon gawayi a hannu, gwiwarta ta kumbura. Raina ya ɓaci. Na ce wace irin wahala ce wannan, don kawai marigayi ya saba? Na ja buhun nan, cike yake fam, na shigar da shi ɗakinta, na jingine shi tsakanin gado da inda take ajiye kasko.

"Malam ba ya so a kawo shi ciki," in ji ta.

"Inna, Baba ba shi da ciwon gwiwa."

Ta yi dariya, ta sa min albarka. Na koma gida ina jin babu 'ya kamata a duk faɗin ƙasar Kano.

Kwana tara aka yi. A rana ta goma, bayan ta ji ɗumi da safe, ta yayyafa wa garwashin ruwa, ta ga ya yi baƙi, ta juye shi a buhu don kada a yi asara, ga buhun kusa da hannunta. Ta ja ƙofa ta kulle, ta tafi suna maƙwabta. Ashe bayansa ne kawai ya mutu, cikinsa da rai.

Da hantsi ina sussukar gero na hango hayaƙi. Ko takalmi ban saka ba. Kafin in isa maza sun cika gidan da bokitai, amma katifa ta riga ta kama, azara ta kama, rufin ya rufta. Akwatin kayanta, carbin Baba, tabarmar sallarsa, babu abin da aka fitar. Inna tana tsaye a tsakar gida da mayafin suna a kafaɗa, ba ta kuka, sai salati can ƙasa-ƙasa.

Bayan azahar Yaya ya iso. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya leƙa ɗakin, ya ga tulin tokar gawayi a gindin ƙarafan gado, ya fito idonsa jajir.

"Wa ya shigar da buhun gawayi ɗakin kwana?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

"Ni ce," in ji Inna. "Ni na jawo shi. Na manta da yadda Malam yake yi. Tsufa ne, Abdulkabir, ka yi gaskiya."

Kawu Sabo ya dube ta, ya dubi gwiwarta, sannan ya dube ni. Ya sunkuyar da kai. Ni kuma da na fi kowa baki a gidanmu, na yi shiru. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Da Yaya da Kawu suka fita neman abin hawa, na durƙusa a gabanta ina kuka.

"Inna, bari in gaya masa. In ya san ni ce, ai ba mantuwarki ba ce. A gyara ɗakin ki zauna."

"In ya san ke ce, ba zai ƙara taka ƙofar gidanki ba," ta ce. "Na san ɗana. Ku biyu Allah Ya bar min. Tashi ki wanke fuskarki kafin ya shigo."

Kafin la'asar adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida. Ba ta da kayan ɗauka, sai zani biyu da maƙwabta suka ba ta a leda. Matan unguwa suka taru suna share hawaye, tana bin su ɗaya-ɗaya tana neman gafara. Da ta zo kaina, ta kwance bakin zaninta, ta damƙa min wani abu a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai.

"Riƙe min, kada ya ɓace a birni."

Sai da suka sha kwana na duba. Makullin ɗakinta ne, ɗakin da ko ƙofa ba ta rage masa ba.