Farin Layin da Kawu Ilya Ke Bi

Kai ma ka gani ka kau da kai. Ka ga tsoho yana lalubar ƙofar mota da tafin hannu, ka ce gajiya ce, ka shiga baya ka zauna. Haka Hausawan unguwar Minguettes da ke Vénissieux, gefen Lyon, suka yi da Kawu Ilya.

Raihana, ɗiyar ƙanwarsa, ɗaliba a Lyon, ita ta roƙe shi aron mota a ƙarshen Oktoba. Tana so ta hau duwatsun Vercors ta ɗauki hoton ganye kafin ya zube, don mahaifiyarta a Damagaram ta ƙi yarda akwai dajin da ke yin ja kamar barkono. Ta ce tana da permi, takardar izinin tuƙi. Kawu ya yi dariya, ya ce shi yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Lyon da Paris tun ba a haife ta ba, shi zai kai ta. Matarsa Hajiya Fatsima ta ɗauki mayafi ta shige gaba.

Duk hanya Hajiya tana magana ƙasa-ƙasa, Raihana ta ɗauka tasbihi ne. Sai da suka fara hawa, ta matso da kyamara tsakanin kujeru, sannan ta ji abin da ake faɗi.

"Kwana hagu. Sassauta. Ga mai keke."

Ashe hanya Hajiya ke gaya masa. Raihana ta ce Kawu ya dubi jan itacen can. Ya ce ma sha Allah, ja wur, alhali wajen da ya juya ba kome sai baƙin dutse. Ya mai da kai ƙasa, ga farin layin tsakiyar hanya. Shi kaɗai yake iya gani, shi yake bi.

Suna ƙara hawa dusar ƙanƙara ta soma sauka, tun lokacinta bai yi ba. Ta kwanta a kan ganye, ja da rawaya suna leƙowa ta ƙarƙashinta. Kafin su sha kwana ta gaba ta rufe layin. Muryar Hajiya ta ɗauke, don ita ma ba ta ƙara sanin inda kwalta ta ƙare ba. Motar ta riƙa karkata dama, wajen kwazazzabo, Kawu yana ta goge gilashin da ba shi da datti.

Raihana ta ce tana son hoto a nan. Ya taka birki. Ta fita, ta ɗauki dajin sau ɗaya, sannan ta juya ta ɗauki sawun tayarsu. Tsakaninsa da bakin ramin bai kai taku guda ba. Ta nuna wa Hajiya hoton ta taga. Hajiya ta kama hannunta, ta ce ta rufa masa asiri, tunda ya bar aiki motar nan kaɗai ta rage masa, da ita yake kai mutane masallaci da asibiti, da ita ake gaishe shi. Ta yi alkawarin za ta ƙara sa ido.

Raihana ta zagaya, ta durƙusa cikin sanyi a bakin ƙofarsa.

"Kawu, ka yi haƙuri. Ba ka gani. Ba ni makulli."

"Wa ya gaya miki?"

Ya juya wajen matarsa, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya fito yana dafa jikin motar har kujerar baya. Raihana ba ta taɓa tuƙi cikin ƙanƙara ba. Ta gangaro da su kamar mai ɗauke da ƙwai har gida Vénissieux.

Washegari ɗansa Nasiru ya kira ta daga Aubervilliers, kusa da Paris, ya ce ta kunyata babansa gaban matarsa, karatu ya hau mata kai, ta mayar da makulli ta ba da haƙuri. Ta tambaye shi ko ya san halin idon. Ya ce kowa ya sani, sai me? Likita zai ce ya bar tuƙi, shi ya sa ba a kai shi ba. Ta ƙi mayarwa. Ashe akwai wani makullin a aljihun Kawu. Ran Laraba ta hange shi yana fita da ƴaƴan maƙwabta a baya, za shi kai su wasan ƙwallo, Hajiya a gaba leɓenta na motsi.

Kana gaishe shi duk Juma'a, wataƙila ɗanka na cikin motar nan. Tashi yau ka buga masa ƙofa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka karɓi makullin, ka kai shi likitan ido da kanka.