Fizga Uku

Shekara ashirin Sabi'u ya yi yana shiga cikin ƙasa, gaba talatin, gaba arba'in, har inda bakin rijiya ke komawa kamar farin kwabo a bisa kansa, kuma ko sau ɗaya gwiwarsa ba ta taɓa rawa ba. Amma da ƙofar akwatin ƙarfen nan ta rufe, ƙasa ta tunkuɗo tafin ƙafarsa zuwa sama, sai ya ji kamar hanjinsa ya yi zamansa a ƙasa ya bar shi ya tafi shi kaɗai. Ya dafe bango da hannu ɗaya. Ɗayan hannun yana rungume da ƙullin cukun da matarsa Mariyama ta ba shi tun daga Belbeji.

"Asansar ne, Baba, ba ya faɗuwa," in ji mai gadin otel ɗin da ya rako shi.

"Wa ke jan sa?"

"Inji."

Sabi'u ya san duk abin da ke hawa da mutum igiya ce, ko ta yaya aka ɓoye ta.

Ba yawon buɗe ido ya kawo shi Yamai ba. Wani mai fataucin raguna ne ya dawo ya baza a kasuwar Belbeji cewa ya ga inda ɗansu ke aiki, wai a can ƙololuwar bene mai hawa goma sha biyu, wurin da ake shan giya ana kallon gari. Tun daga ranar Mariyama ta daina cin tuwo da daɗi. Ta ce masa, "Gani ya kori ji. Tashi ka je ka gano mini." Ya kwana ya wuni a cikin kar, babbar motar fasinja. Da ya iso, yaron ya ce masa a salula, "Baba, ka zo ƙarfe shida, na tashi aiki, in nuna maka gari daga sama." Shi kuwa yana idar da la'asar ya kama hanya. Wanda ke son ya ga yadda gida yake, ba ya jira sai an share tsakar gida.

Ƙofa ta buɗe, iska ta mare shi.

Wurin ba shi da rufi. Tebura ne da kujeru masu taushi, da tukwanen furanni, da wani kiɗa da ke fita a hankali ba a san daga ina ba. Can gefe kwalabe ne jere iri-iri, rana na ratsa su. Mutane na zaune cikin kaya masu tsada suna hira ƙasa-ƙasa. Duk wannan bai tsaya masa a ido ba. Abin da ya tsaya masa shi ne gefen wurin: katanga iya ƙugu, gilashi a bisanta, bayan nan kuma babu komai. A Damargu abin da ya fi kowa tsawo shi ne shaton ruwa, dogon tankin nan na gari. Nan kuwa hasumiyar masallatai ma a ƙarƙashinsa suke. Kogi ya miƙe kamar baƙin rawani da aka shanya, motoci na bin gada kamar tururuwa. Wata shirwa ta gilma, ya ga gadon bayanta. Bai taɓa ganin bayan shirwa tana tashi ba. Ya lalubi kujera mafi nisa da gefe ya zauna.

Wata budurwa mai ɗauke da faranti ta durƙusa kaɗan ta gaishe shi. Da ya amsa, sai fuskarta ta washe.

"Baba, wannan bakin na Damargu ne. Ni ma 'yar Tanut ce, sunana Ramla. Wa kake nema?"

Sabi'u ya fiddo salularsa ya nuna mata hoto. Yaron ɗan farinsa ne, kuma shekara ashirin da shida ke nan bai taɓa kama sunansa ba, yadda shi ma nasa uban bai taɓa kama na babban wansu ba. "Kai" yake ce masa, ko "yaron nan".

"Hashimu?" in ji ta.

Ya gyaɗa kai. Ya nuna kwalaben da haɓa, ya rage murya. "'Yata, tsakaninki da Allah. Yana taɓa abin nan?"

Ta yi dariya har ta rufe baki. "Hashimu? Lemu ma sai an yi da shi. Ai shi ba ya aiki cikinmu, Baba. Shi a waje yake."

"Waje ina?"

Ta waiwaya ta nuna kusurwar yamma, inda aka kewaye da jan ƙyalle. "Gilasan tagogi yake wankewa. Yanzu zai gama."

Sabi'u ya bi yatsarta da kallo. Igiya biyu ya gani, sirara kamar ɗan yatsa, an ɗaure su a wasu zobban ƙarfe da ke jikin siminti. Sun miƙe tsam, sun haye katanga, sun ɓace. Ɗayarsu tana motsi kaɗan-kaɗan.

Babu kowa a wurin. Babu mai riƙo.

A sana'ar rijiya akwai ƙa'idar da ake koya wa mutum tun kafin a ba shi diga: muddin akwai rai a ƙasa, hannu ba ya barin igiya. Ta igiya na ƙasa ke magana. Fizga ɗaya, a sassauta. Fizga biyu, a ja guga. Fizga uku, numfashi ya ɗauke, a fitar da ni. Shekara goma sha takwas da suka wuce, a wata tsohuwar rijiyar makiyaya a kwarin Tarka, ƙanensa Dado ne a ƙasa, shi ne a kan igiya. Mai rijiyar ya miƙo masa shayi. Ya naɗa igiyar a jikin gungume, ya juya ya karɓa. Kurɓa uku ne, bai fi ba. Har yau bai san ko Dado ya fizga ba. Abin da ya sani, da suka ja, igiyar ta taho sakayau, madauki babu kowa.

Tun ranar bai sake leƙa rijiya ba. Ya koma noman gero, ya kai yaron lakol ya yi boko, ya yi rantsuwa jininsa ba zai sake rataya a igiya ba. Ran da ya kama shi yana leƙen rijiyar unguwa, dukan da ya yi masa sai da maƙwabta suka raba. Da yaron ya ce zai tafi birni, shi ya fara sa masa albarka, don a birni ruwa daga famfo yake fitowa. Ashe gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago.

Ya miƙe. Ƙafafunsa suka kai shi rabin hanya suka ƙi. Sai ya durƙusa ya ƙarasa da rarrafe, babbar rigarsa na jan ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin jan ƙyallen.

"Baba, an hana shiga nan," in ji Ramla daga bayansa.

Bai ji ta ba. Ya zauna, ya tokare ƙafafunsa da katanga yadda ake yi a bakin rijiya, ya yi bismilla, ya kama igiyar mai motsi da hannu biyu.

Nan take ya ji shi. Nauyinsa ne, da lilon jikinsa in ya miƙa hannu dama, ya dawo hagu. Hannun da ya shekara goma sha takwas bai taɓa igiyar aiki ba bai manta karatunta ba. Yaron na nan, yana da rai, kuma yana ƙara nisa. Sabi'u ya runtse ido don kada ya ga sararin da ke gabansa. Gumi na zuba cikin gemunsa. Yana ta karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Sai igiyar ta fizga.

Ta sake.

Ya riƙe numfashi yana roƙon Allah ta tsaya a biyu.

Ta fizga ta uku.

Ya ja da duk ƙarfin da ya rage masa. Igiyar ba ta ko gusa ba, sai tafin hannunsa da ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Ya juya wajen masu zama.

"Ku kama mini. Jama'a, ku kama mini, akwai mutum a ƙasa."

A Damargu, in aka faɗi haka, mai sallah ma sallamewa yake yi ya rugo. Nan kuwa suka ɗago kai, kofuna a hannu. Wani mai farar riga ya ce wani abu da Faransanci. Wata ta ɗaga salularta tana ɗaukarsa. Ramla ce kaɗai ta ajiye faranti ta ruga wajen waya.

Ya sake tattara ƙarfi ya ja, sai ya faɗi da baya. Nauyin ya tafi.

Ya san wannan sakayau ɗin. Ya sha jin sa cikin barci. Ya shiga jawowa, hannu bisa hannu, igiyar na taruwa a cinyarsa, tana tahowa ba gardama, gaba goma, gaba ashirin. Yana ja yana cewa a ransa wataƙila ƙarshenta ba zai zo ba. Ƙarshen ya hayo katanga ya faɗo gabansa. Ƙulli ɗaya ne, babu kowa.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Mutumin da ya kasa taka wurin da ƙafa, sai ga shi ya kifa cikinsa a kan gilashin, rabin jikinsa a waje. Ƙasa ta yi masa nisa, tana juyawa: rufin motoci, kan itatuwa, wasu ɗigo-ɗigo da ba ya iya bambance mutum da inuwa. Ya buɗe baki, sunan ya fito da kansa.

"Hashimu!"

Iska ta ɗauke. Ya sake kira, muryarsa ta tsage.

"Hashimu!"

"Na'am, Baba."

Daga bayansa muryar ta fito, a hankali. Hannu biyu suka kama kafaɗunsa suka janye shi daga gefen. Ya juya. Ga yaron tsaye yana haki, da hular kwano a kai, ɗamarar igiyoyi ta zagaye ƙugunsa da cinyoyinsa, ƙarafuna na kaɗawa a jikinsa, gaban rigarsa jiƙe da ruwan sabulu. Idanunsa sun ciko, amma ba igiyar yake kallo ba, bakin ubansa yake kallo.

Sabi'u ya sulale ya zauna. Ya kama idon sawun yaron ya riƙe, kamar mai tabbatar da ƙashi ne da tsoka.

"Ta ina ka fito?"

"Ta asansar. Baba, mu daga sama muke farawa, a ƙasa muke gamawa. Na sauka ne na kwance. Ina juyawa na ga igiyata tana hawa sama ita kaɗai."

"Ka fizga uku."

"Ban sani ba. Kwancewa nake yi."

"Wa ke riƙe maka?"

Hashimu ya durƙusa ya dafa zoben ƙarfen. "Wannan ko mota aka rataya masa zai ɗauka. Ga ta biyu, in ta farko ta tsinke. Kuma abokin aikina Sidi yana ƙasa yana kallona."

"Na ƙasa me zai riƙe?"

Ramla ta kawo ƙanƙara cikin tsumma, ta buɗe tafin hannun Sabi'u. Fatar ta saɓule a wuri biyu. Ta ɗora masa, ta ɗauko ƙullin cukun da ya yar a hanya ta ajiye kusa da shi, ta ba su wuri. Masu zama sun koma hirarsu. Kiɗan bai ma tsaya ba.

"Shekara biyu kana birni," in ji Sabi'u. "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Baba Dado."

Rana ta sauka bayan kogi, ruwan ya yi ja. Fitilun gari suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya ƙare. Sai kiran magariba ya taso, daga masallaci zuwa masallaci, yana hawowa daga ƙasa kamar muryar mutum daga cikin rijiya.

"Gobe ma za ka sauka?"

"Gefen gabas. Ƙarfe bakwai na safe."

"Tikitina na gobe ne. Ka je a ɗaga shi."

"Baba, ba za su bari ka taɓa igiyar ba. Yau ma sai na ba shugabanmu haƙuri."

"Ba zan taɓa ba. Zan zauna kusa."

Salula ta yi ƙara a aljihunsa. Hannunsa ba ya iya kamawa, sai Hashimu ya fiddo ta ya kara masa a kunne. Mariyama ce, muryarta na yankewa, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Malam, ka je? Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi."

"To? Yana sha?"

"Ba ya sha."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, ya ji ta sauke dogon numfashi. "Yau dai zan yi barci."

Sabi'u ya dubi tarin igiyar da ke kwance a gabansa.

"Yi barcinki," ya ce.