Ranar Da Farfesa Ya Ce Innata Ba Mutum Ba Ce

Tun kafin Farfesa Szalontai ya iso daga Budapest, zauren taron ƙauyenmu ya cika maƙil. Mutanen da ko jarida ba sa dubawa sun zo jin bayanin wani littafi. Na san abin da ya kawo su.

Wani malamin makaranta da ya zauna a gidanmu lokacin yaƙi ne ya rubuta shi. Ni ban karanta ba, daga aji huɗu na kama haƙar rijiya. Amma kowa ya haddace labarin matar da ke cikin littafin: mijinta yana fagen daga, sojojin Rasha suka shigo gari, ta shafa baƙin tukunya a fuska don ta yi kama da tsohuwa, bai hana su far mata ba. Bayan wata tara ta haihu. Ni kuwa a ƙarshen 1945 aka haife ni. Shekara arba'in da huɗu ana raɗa, ba a taɓa faɗa a fili ba.

"Dezső, har da rigar coci?" in ji Baba Vince maƙwabcinmu, yana yashe baki. "Lallai yau ranarku ce."

"Kama bakinka, tsoho. Rijiyarka ni na haƙa, na san zurfinta."

Innata Etelka, wadda ta haife ni, tana gefena cikin baƙin ɗankwalinta. Kwana uku ke nan ba ta ci abin kirki ba.

*

Farfesa ya yi awa guda yana zuba, ban tsinci komai ba. Sai Vince ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, wace ce matar? An ce 'yar garin nan ce."

Na damƙe hannun kujera har ya yi ƙara.

Farfesa ya yi murmushin tausayi. "Baba, masana sun gama da wannan tuni. Ai ba mutum ba ce, ƙasar Hungary ce. Baƙin fuskarta duhun zamani ne, jaririn kuma mulkin da aka ɗora mana. Marubucin kwatance ya yi kawai."

Sai matan da ke baya suka ɓarke da tafi. Vince ya zauna yana sosa ƙeya. Ni dai an mai da ni gwamnati, amma wallahi ban taɓa jin sanyi a raina haka ba.

*

A hanya na ce, "Shi ke nan, Inna. Mai ilimi ya faɗa a gaban kowa."

Ta tsaya ta dafa shinge tana hutawa.

"Mu goma sha ɗaya ne sojojin suka samu a rumbun dankali ranar," ta ce. "Har da matar Vince. Ni kaɗai cikin ya zauna. Ka ga masu tafin nan? Shida daga cikinmu ne."

Na miƙa mata hannu, muka ci gaba da tafiya.

Da muka isa gida ta shanye miyar wake kwano biyu, barci ya ɗauke ta a kan kujera, takalmanta a ƙafa.