Ƙuri'ar Baba ta Biyu

Ranar Litinin ne zaɓen kansiloli, amma mu tun Alhamis aka buɗe mana rumfa. Duk wanda zai yi aiki ranar zaɓe, ɗan sanda ne ko soja ko ma'aikacin rumfa, Alhamis ɗin ce tasa. In ta wuce shi, shi ke nan, don an riga an cire sunansa daga babbar rijista. Ɗakin taron cocin garinmu, Cedar Gap, aka ba mu. Ni ce magatakarda, Malam Pryce kuma shugaban rumfa. Shi ya koyar da ni a aji uku, shi kuma ya sa sunana a aikin, wai ya san duk garin ba mai karanta littafin ƙa'idojin daga bango zuwa bango sai ni. Gaskiyarsa. Sau huɗu na karanta. Shafi na talatin da ɗaya kuwa ban san adadi ba, don shi ya hana ni cin abincin kirki har kwana biyu.

Ga abin da shafin ya ce. Wanda ya fito daga bayan labule ya nuna wa wani takardar ƙuri'arsa a buɗe, a karɓe ta a soke, a rubuta sunansa a littafin rumfa, a karanta masa gargaɗi, a ba shi wata. In ya sake, babu ta uku. Ɗan sandan bakin ƙofa za a miƙa wa shi.

A unguwarmu kuwa nuna ƙuri'a kamar gaisuwa yake. Tun ina goye ake yi. Ka fito, ka riƙe takardar daidai ƙirjinka kamar kana neman yadda za ka ninke, wakilin jam'iyyar unguwa ya gani, ya yi ɗan ɗigo da fensir a gefen sunanka. Kafin faɗuwar rana takardar ɗigon ta isa shagon Busha. Busha bai taɓa tsayawa takara ba, amma shi ke faɗin ƙofar gidan da tankar ruwa za ta tsaya in rani ya yi. A zaɓen da ya wuce gidan Beckford suka rasa ɗigo. Ba wanda ya ɗora musu hannu. Awakinsu dai suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kwanon rufinsu ya fara shan jifa, kafin Kirsimeti sun kwashe kayansu.

Bana kuma Baba ya samu aikin ɗan sandan yini guda, irin waɗanda ake ba riga da kulki su tsare layi ranar zaɓe. Saboda haka sunansa ya faɗo cikin rijistata: Everald Mullings, lamba arba'in da bakwai.

Da safe na same shi a bayan gida yana gasa doya a garwashi.

Na ce, "Baba, don Allah yau kada ka ɗaga."

"In ɗaga me?"

"Ka san abin da nake nufi. Ɗakin zai cika da 'yan sanda, kuma ba irinku ba, na gaske."

Ya yi dariya, amma bai dube ni ba. "Ji 'yar nema, har ni za ki yi wa gori? Novlette, shekara talatin ina ɗagawa, wa ya taɓa kama ni? Ke dai je ki yi rubutunki."

Ƙarfe takwas Malam Pryce ya kifa akwatin, ya bubbuga gindinsa don wakilai su ga ba komai a ciki, sannan ya rufe ya sa hatimi. Wakilai biyu ne, kowa da kujerarsa a jikin bango, kuma doka ta ce ba mai tashi daga tasa sai da izini. Na ɗaya jam'iyyar wani tsoho ne, Malam Lindo, kunne ya tafi amma ido na nan kamar na shaho. Ta unguwarmu kuwa Anti Dorrett ce, ƙanwar matar Busha, da mahucinta da takardarta a kan cinya.

Ta ce, "A'a, 'yar littafi ce a kan tebur? Allah mai iko. Jiya jiya nake share miki majina."

Na gaishe ta.

Aikin ba wuya in ba ka da abin da ke cin ranka. Mutum ya faɗi suna, in nemo shi a rijista, in duba yatsunsa goma ko da tawada. Malam Pryce ya sa hannu a bayan takarda, ya nuna masa ninkin, ya shiga bayan labule. In ya fito ya tsoma yatsa a tawada, a sa takardar a ambulan mai sunan mazaɓarsa, a jefa a akwati. 'Yan sanda suka yi ta wucewa suna tsokanar juna, ba wanda ya ko kalli wajen Anti Dorrett. Ni kuwa duk inuwar da ta faɗo bakin ƙofa sai in ɗaga kai in ga ko Baba ne. Sau biyu na tsallake layi a rijista, Malam Pryce ya ƙwanƙwasa tebur da alƙalami kamar yadda yake mana a aji.

Wajen sha ɗaya na ji muryar Kofur Whyte, matar da ke tsaron ƙofa.

"Ranka ya daɗe ofisan yini guda! Ina bindigar, ko da addar gona za ka tsare mana layin?"

Baba ya ce, "Ki bari in sa rigar tukuna, ke ce farkon wadda zan kama."

Ya shigo da takalminsa na zuwa coci, ya cire hula. Na tambaye shi sunansa kamar ban san shi ba, don haka littafin ya ce. Ya faɗa yana murmushi. Da na kama hannunsa ina duba yatsun, na matse shi kaɗan. Bai matse nawa ba.

Bai daɗe a bayan labulen ba. Ya fito, ya yi taku biyu, ya tsaya, ya riƙe takardar daidai ƙirji. Na ga fensirin Anti Dorrett ya sauka a takardarta.

"Na gani!" Malam Lindo ya daka tsawa irin ta wanda ba ya jin muryar kansa. "Shugaba, na gani da idona! A buɗe ya nuna mata!"

'Yan sanda uku da ke layi suka daina hira. Kofur Whyte ta leƙo, yanzu ba dariya a fuskarta.

Malam Pryce ya cire tabarau ya murza ido. "Everald, Everald. Kawo nan." Ya karɓi takardar ba tare da ya duba cikinta ba, ya ninke, ya ja mata layi biyu a baya, ya sa a ambulan na waɗanda aka soke. "Magatakarda, rubuta. Sannan ki karanta masa gargaɗi."

Na yi ƙasa da murya. "Malam, babana ne."

"Na san ko wane ne, tare muka yi makaranta. A teburin nan lamba arba'in da bakwai ne. Karanta."

Na rubuta sunan Baba a littafin rumfa, haruffan suka fito a karkace. Na miƙe na karanta masa, kalma bayan kalma, har wurin da aka ce in ya sake za a miƙa shi ga hukuma. Yana tsaye yana murza hularsa, kansa a ƙasa, kamar ni ce uwar shi ne ɗan. Da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Anti Dorrett ta kaɗa mahuci. "Haba Malam, tsoho ne fa, hannu ne ya yi masa rawa." Sai ta juya wajen Baba da murya mai daɗi. "Kawu Everald, waccan ta mutu ke nan. Wadda ta shiga akwati ita ce ƙuri'a. Busha ma ya ce in gaishe ka."

Malam Pryce ya ce, "Wakiliya, ba a magana da mai zaɓe."

"Gaisuwa ce kawai, Malam."

Ta juya fensirinta, ta sa magogi, ta goge ɗigon a hankali yadda Baba zai gani. Ta hure takardar.

Baba ya karɓi ta biyu ya koma. Labulen bai kai ƙasa ba, ina hango takalmansa. Suka tsaya wuri ɗaya, suka juya kamar za su fito, suka koma. Na san abin da yake aunawa, don ni ma shi nake aunawa. In ya ɗaga, Kofur Whyte na bakin ƙofa. In bai ɗaga ba, akwai awakinmu huɗu, da kwanon da muka gama rufawa bara, da Inna da ke kwana ita kaɗai in mun tafi kasuwa. Kuma na san Baba. Tsoron Busha ya girmi tsoron hukuma a ransa da shekara talatin. Zai ɗaga.

Ni ba mai ƙarfin hali ba ce. Ko a tasi in direba ya wuce inda zan sauka, sai in yi shiru in dawo da ƙafa. Har yau ban san yadda aka yi na tashi ba. Na dai ga na ɗauki rijistar, wadda faɗinta ya kai faranti babba in an buɗe, na zagaya tebur, na tsaya tsakanin labule da kujerar Anti Dorrett, na ba ta baya.

Na ce, "Malam, duba mini nan, kamar an yi kuskure a wannan sunan."

Malam Pryce ya dubi shafin, ya dube ni. Ba kuskuren komai, shi ma ya sani. Ya mai da tabarau ya ce, "Bari in gani da kyau. Tsaya nan inda haske yake."

"Ke 'yar littafi, gusa," in ji Anti Dorrett a bayana.

Na ƙara ɗaga rijistar.

"Novlette, da ke nake. Kin tare mini iska."

Na ji kujerarta ta ja ƙasa. Ta karkata hagu, na matsa hagu. Sai na ji ta miƙe.

Kofur Whyte ta ce daga ƙofa, "Uwargida, kujerarki na kiranki."

Daidai nan labule ya motsa. Baba ya fito da takardar rabi a ninke, ya ɗaga kai yana neman Anti Dorrett, sai ya ga ni. Ya dube ni, ya dubi rijistar da ke hannuna. Ya daɗe a haka, ko kuwa ni ce na ga kamar ya daɗe. Sannan ya ninke takardar, ya ƙara ninkewa, ya miƙa wa Malam Pryce. Ya tsoma yatsa a tawada. Ambulan ya faɗa akwati.

Malam Pryce ya ce, "Sunan daidai yake, magatakarda. Koma ki zauna. Na gaba!"

Sauran yinin ban san yadda ya wuce ba. An kawo mana shinkafa da wake da kaza, ban ci ko loma ɗaya ba. Ƙarfe huɗu aka rufe, aka liƙe bakin akwati, wakilai suka zo sa hannu a kan hatimi. Anti Dorrett ta sa nata, ta miƙo mini alƙalamin, amma ba ta sake shi nan da nan ba.

Ta ce, "Uwarki ba ta da tsaurin ido haka. Ko a littafi kika koyo?"

Da na fito na tarar da Baba zaune a gindin mangwaron da ke wajen shingen coci. Ashe bai tafi gida ba. Ya karɓi jakata, abin da bai taɓa yi ba, muka kama hanya. Hanyar gidanmu ɗaya ce, kuma ta gaban shagon Busha ta bi.

Suna zaune a waje suna buga domino, da kwalbar giyar rake a tsakiya. Anti Dorrett ta riga mu isowa a mota, tana tsaye a bakin kantar shagon. Busha bai ɗago daga wasan ba.

"Everald! An ce yau sau biyu ka yi zaɓe. Mu da ko ɗaya ba mu yi ba tukuna."

Mutanensa suka yi dariya. Baba ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙora.

"Na nuna ta farko, Busha. Dorrett ta gani da idonta."

"Ta gani. Ta biyun fa?"

Baba ya ce, "Na fito zan nuna. Yarinyar ce ta tare."

Abin da na so ya faɗa ke nan. Don ya samu abin faɗa na tashi daga kujerata. Amma da na ji shi a bakinsa, a gaban mutanen nan, sai sanyi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa.

Sai a lokacin Busha ya ɗago. Ya dube ni sama da ƙasa ba gaggawa, kamar yau ya fara sanin akwai ni a unguwar.

Ya ce, "Ashe 'yar littafi ta girma. To madalla. Ranar Litinin a wace rumfa aka sa ki?"

"Makarantar firamare," na ce.

"Tamu ke nan." Ya buga ƙwayar dominonsa a tebur. "Ku gaida gida."

Muka wuce. Baba ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam, tafinsa jiƙe da gumi. Sai da muka sha kwanar famfo, inda ba mai hango mu, sannan ya yi magana.

"Gobe da sassafe ki hau mota ki tafi wurin gwaggonki a Port Maria. Ki zauna can sai an gama."

"Ba zai yiwu ba, Baba. Na yi rantsuwa, na sa hannu. In ban je ba wata za su sa, kuma kowa zai san dalili."

"Novlette, mutum ɗari uku ne za su zo rumfar nan, duk 'yan unguwa. Kowa zai ɗaga. Duka za ki tare?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, ban sani ba. Ya ƙara matse hannuna, muka ci gaba da hawan tudu, ina jin ƙarar dominon a bayanmu har muka kai ƙofar gida.